Daga Fili Zuwa Kujerar Sharhi: Tsofaffin 'Yan Ƙwallo da Jarabar Bayan Ritaya

Sharhin ƙwallon ƙafa sana'a ce wadda shekarunta ba su wuce ɗari ba, amma a yau muryoyin masu yin ta suna isa har garuruwan noma irin su Mungadi da ke ƙaramar hukumar Maiyama, da Jega da Aliero, duka a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, ta hanyar rediyo da wayar hannu da kuma gidan kallo, wato rumfa ko zauren da ake kafa talabijin da janareta, matasa su biya kuɗi kaɗan su kalli wasannin Turai. Sana'ar ta kasu gida biyu, domin akwai mai kawo wasa, wanda yake bin ƙwallo da baki daga ƙafa zuwa ƙafa kuma galibi ɗan jarida ne, akwai kuma mai fashin baƙi, wanda yake zama a gefensa ko a ɗakin shiri yana bayyana dalilin abin da ya faru, kuma wannan kujera ta biyu ita ce aka saba ware wa tsofaffin 'yan wasa. Tarihin wannan kujera yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin barasa da caca da ƙwaya a cikin ƙwallon ƙafa, har ta kai wasu daga cikin fitattun waɗanda suka zauna a kanta sun yi shekaru suna bayyana wa duniya kurakuran 'yan wasa alhali jaraba tana cin su a ɓoye. Abin da ake nufi da jaraba a nan shi ne halin da mutum yake kasa barin wani abu duk da ya san yana cutar da shi, ko abin sha ne ko ƙwaya ko caca.

Ƙasar Kabi da Zamfara da Sakkwato ba baƙuwar yin magana a kan wasa ba ce, domin tun kafin ƙwallo ta zo akwai dambe da kokawa, waɗanda ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kuma a filinsu akwai makaɗan maza da sanƙirorinsu, masu kirari da zuga da tuna wa jama'a wanda ya kashe wane a wane gari. Sunan ɗan dambe Shago ba zai kai inda ya kai ba in ba don mawaƙinsa Ɗan Anace ba. Sai dai abin lura a wancan tsari shi ne wasa bai taɓa zama dukkan rayuwar mai yin sa ba, saboda ɗan dambe mahauci ne ko manomi kafin ya naɗe hannu, kuma idan ƙarfi ya ja baya yakan koma fawarsa ko gonarsa, yana riƙe da girman da ya samu, wani lokaci ya zama mai raba dambe ko uban yaran da ke tasowa. Ƙwallon ƙafa ta kuɗi ce ta zo da wani sabon mutum, wanda aka ɗauke shi daga makaranta da sana'a tun yana yaro, aka cika masa kunne da tafi, sannan aka sallame shi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ba tare da ya iya komai ba sai abin da jikinsa ya daina iyawa.

A Ingila aka fara ganin wannan mutum da yawa, kuma a can ne aka ƙago masa kujerar sharhi. Ranar 22 ga Janairu 1927 gidan rediyon BBC ya kawo wasan lig kai tsaye karo na farko, tsakanin Arsenal da Sheffield United a filin Highbury na Landan, kuma wanda ya yi maganar, Teddy Wakelam, tsohon ɗan wasan zari-ruga ne. A lokacin ɗan ƙwallo ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, domin har zuwa 1961 akwai ƙa'idar da ta hana a biya shi fiye da fam 20 a mako, sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka soke ta. A 1964 BBC ta fara shirin Match of the Day a talabijin, sannan a gasar cin Kofin Duniya ta 1970 tashar ITV ta tara Malcolm Allison da Derek Dougan da Pat Crerand da Bob McNab a teburi ɗaya suna musu a kan wasa, abin da ya ja masu kallo ƙwarai ya kuma zama tsarin da ake bi har yau. Daga nan masu tashoshi suka gane cewa tsohon ɗan wasa mai baki da barkwanci haja ce.

Jimmy Greaves shi ne misali na farko da ya nuna yadda kujerar take iya zama mafita. Ya ci wa Ingila ƙwallo 44 a wasa 57, ya ci 357 a babban rukunin lig, adadin da har yanzu ba a kamo ba, amma rauni ya fitar da shi daga tawagar da ta buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1966, ya kuma bar babbar ƙwallo a 1971 yana da shekara 31. Shekarun da suka biyo baya sun tafi ne a cikin kwalba, har aurensa ya mutu, kafin ya daina sha a 1978. Bayan haka ya fara rubutu a jarida, ya shiga talabijin, kuma daga 1985 zuwa 1992 shi da Ian St John suka gabatar da shirin Saint and Greavsie, wanda ya sa yaran da ba su taɓa ganin wasansa ba suka san shi a matsayin mai ba da dariya. Ya rasu a 2021 bayan fiye da shekara arba'in bai koma ga barasa ba. Abin da aikin ya ba shi, bayan albashi, shi ne abin da ritaya ta ƙwace masa, wato ranar da ake jiran sa a wani wuri, da abokan da za a yi hirar ƙwallo da su, da jama'ar da ke sauraro.

George Best kuwa ya nuna iyakar wannan mafita. Shi ne gwarzon Turai a 1968, shekarar da Manchester United ta ci Kofin Turai, ya bar ƙungiyar a 1974 yana da shekara 27, aka yi masa ɗaurin wata uku a 1984 saboda tuƙi cikin maye da laifukan da suka biyo bayansa, kuma a 1990 ya bayyana a buge a wani shirin hira na BBC a gaban miliyoyin masu kallo. Duk da haka daga 1998 zuwa 2004 yana cikin masu fashin baƙi na shirin Soccer Saturday a tashar Sky. An yi masa dashen hanta a 2002, ya koma ga sha, ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2005 yana da shekara 59. Ba za a ce talabijin ce ta kashe shi ba, amma gaskiya ne cewa labaran shaye-shayensa suna cikin abin da ake sayarwa tare da sunansa, kuma masu sauraro sun fi son ya ba su labarin daren jiya da ya ba su labarin asibiti.

Shekarar 1992 ce ta sauya girman sana'ar, lokacin da aka kafa gasar Firimiya aka kuma sayar da haƙƙin nuna ta na shekara biyar a kan fam miliyan 304, mafi yawansa daga Sky. Tashar da ke nuna wasanni kullum tana buƙatar bakunan da za su cika sa'o'in da ke tsakanin wasa da wasa, saboda haka kujeru suka yawaita. 'Yan wasan da suka cika su kuwa sun fito ne daga zamanin da shan giya tare yake cikin al'adar ƙungiya, kamar yadda aka sani a Arsenal kafin zuwan Arsène Wenger a 1996. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Tony Adams, an yanke masa ɗaurin wata huɗu a Disamba 1990 saboda tuƙi cikin maye, ya fito fili ya amsa cewa barasa ta fi ƙarfinsa a 1996, sannan a 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance domin jinyar 'yan wasa masu irin matsalarsa. Abokin wasansa Paul Merson, wanda ya ci lig da Arsenal a 1989 da 1991, ya riga shi yin irin wannan ikirari a Nuwamba 1994, inda ya ambaci giya da hodar iblis da caca, hukumar ƙwallon Ingila ta tura shi jinya ta wata uku, ya dawo fili a farkon 1995.

Labarin Merson ne ya fi bayyana tufka da warwarar da ke cikin wannan sana'a. Bayan ya daina wasa ya zama ɗaya daga cikin sanannun fuskokin Soccer Saturday, kuma ya faɗa da bakinsa cewa a cikin jarabobinsa uku caca ce ta fi wuyar bari, cewa ta cinye masa fiye da fam miliyan 7, har ma a lokacin kullen korona na 2020 ya zubar da kuɗin da iyalinsa suka tara don sayen gida a cacar wasan ƙwallon tebur. Dalilin wannan wuya a bayyane yake, domin mashayi ana jin warinsa ana ganin tangaɗinsa, amma ɗan caca yana iya rasa dukiyarsa a waya yana zaune cikin kwat a gaban kyamara, mai kallo kuma yana yi wa rogo kallon kitse. Bugu da ƙari, dokar caca ta Birtaniya ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta halatta tallar caca a talabijin, sai kamfanonin caca suka mamaye rigunan ƙungiyoyi da allunan gefen fili da hutun rabin lokaci, kuma tun 2013 sunan kamfanin caca na Sky Bet yake kan ƙananan rukunonin lig na Ingila. Ma'anar wannan ita ce mutumin da ke jinyar caca yana zuwa aiki kowace Asabar a inda ake kiran mutane zuwa ga abin da ya hallaka shi, kuma aikin nasa, wato hasashen wanda zai ci da wanda zai sha kashi, shi ne ainihin abin da ɗan caca yake saurara. Sai a Afrilu 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin riga bayan kakar 2025/26, suka bar hannun riga da allunan fili.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Barazil, Walter Casagrande, wanda ya yi wasa tare da Sócrates a Corinthians ya kuma je Kofin Duniya na 1986, ya shafe shekaru yana sharhi a tashar Globo yana fama da hodar iblis, har hatsarin mota a 2007 ya kai shi jinya ta kusan shekara guda, kuma a ƙarshen Kofin Duniya na 2018 ya yi kuka a gaban masu kallo saboda ya kammala gasar cikin hayyacinsa.

A Nijeriya tarihin ya bi wata hanya dabam. Manyan muryoyin ƙwallo na zamanin rediyo, irin su Ishola Folorunsho da Ernest Okonkwo wanda ya rasu a 1990, ma'aikatan gidan rediyo ne, kuma haka abin yake a Hausa, tun daga Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da Rediyon Kaduna na 1962 har zuwa tashoshin FM masu zaman kansu da suka biyo bayan Freedom Radio ta Kano daga 2003. 'Yan wasa kuma ba su buƙaci kujerar sharhi ba a da, saboda yawancin ƙungiyoyi na ma'aikatu ne da kamfanoni, kamar na hukumar jirgin ƙasa da ta lantarki, da UNTL ta masaƙar Kaduna, da DIC Bees ta ma'aikatar ƙera makamai wadda ta koma Ranchers Bees, ta yadda ɗan wasa yakan kasance da sunansa a takardar albashin ma'aikata, idan ya ajiye takalmi ya koma ofis ko masaƙa. Wannan ya yi kama da tsarin ɗan dambe da gonarsa. Da aka kafa gasar ƙwararru a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars, sai kwantiragi ya maye gurbin aikin dindindin, masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyoyi suka koma hannun gwamnatocin jihohi, bashin albashi da na kuɗin sa hannu ya zama ruwan dare, fansho kuwa babu.

A daidai wannan lokaci ne tauraron ɗan'adam ya kawo Firimiya, kuma zaman Nwankwo Kanu a Arsenal daga 1999 zuwa 2004 da na Mikel Obi a Chelsea daga 2006 ya raba matasan kowane gari zuwa magoya bayan ƙungiyoyin Landan da Manchester, gidajen kallo suka bazu daga birane zuwa garuruwan da ko wutar lantarki ba ta wadace su ba. Kujerun fashin baƙi da wannan ya samar kaɗan ne, kuma sun tafi ga waɗanda suka yi suna a Turai suke kuma da Turanci a baki, irin su Jay-Jay Okocha da Sunday Oliseh da Victor Ikpeba da Daniel Amokachi, ɗan Kaduna wanda ya tashi daga Ranchers Bees ya ci Kofin FA da Everton a 1995 kafin ciwon gwiwa ya tsayar da shi tun bai kai talatin ba. Wanda ya ƙare wasansa a ƙaramin rukuni a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi ba ya cikin wannan lissafi. Ko shahara ma ba ta zama garkuwa ba, domin Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna ya fara da UNTL, ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a 1994, ya ƙare rayuwarsa ne cikin kaɗaici da rashin lafiya a Ibadan, inda ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48. Matsalarsa ba shaye-shaye ba ce, amma ta nuna faɗin ramin da ke jiran ɗan wasa bayan tafi ya ƙare.

Abin da ke faɗawa cikin wannan rami a ƙasar Hausa ya sha bamban da na Ingila, saboda barasa haramun ce a addini kuma tun da Kebbi ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a 2000 ta ƙara ɓuya, sai ƙwaya ta ɗauki matsayinta, domin ba ta wari kuma tana shigowa da rigar magani. Tiramol, maganin kashe raɗaɗi ne na dangin ofiyom, wato magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa irin aikin da ruwan furen fofi yake yi, kuma ƙa'idar likita ita ce kada a wuce miligiram 400 a yini. Ƙarfin da aka amince a sayar a Nijeriya shi ne 50 da 100, amma na fasa-ƙwauri yakan zo da 200 ko 225 ko 250, kuma jiha mai iyaka da Nijar da Benin, wadda babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta ratsa ta ta Jega, ba ta rasa hanyar shigowarsa. 'Yan kabu-kabu da masu ƙwadagon gona suna shan sa don su jure aiki, kuma ɗan ƙwallon da ke da targaɗe ga wasa gobe yana da irin wannan dalili. Aliero ta yi suna da masu ɗori waɗanda ake kawo wa karaya daga nesa, sai dai ɗori yana buƙatar kwanciya ta makonni, abin da yaron da ke neman a ɗauke shi a ƙungiya yake ganin ba shi da lokacinsa. Chris Kirkland, tsohon mai tsaron gida na Liverpool da Wigan da Sheffield Wednesday, ya bayyana a 2022 cewa ciwon baya ne ya kai shi ga tiramol, har ya kai yana shan miligiram 2,500 a yini, kuma daga 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar a Janairu 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu da magungunan dangin ofiyom, kuma kusan miliyan 3 suna Arewa maso Yamma. Kafin nan, a Mayu 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana guda bayan wani rahoton bincike na BBC.

Caca ma ta iso, kuma ta biyo hanyar da sharhi ya biyo. Dokar caca ta tarayya ta 2005 ta buɗe ƙofa, kamfanoni irin su NairaBet da Bet9ja suka bunƙasa, wayar hannu kuma ta sa ba sai an ga mutum a ƙofar shago ba. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, kuma a Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar 2005 ta mayar da ikon sha'anin caca ga jihohi, amma rufe shago ba ya shafar abin da ke cikin aljihu. Tsohon ɗan wasan gari, wanda ake yi wa kallon masani a majalisa da gidan kallo, shi ne wanda matasa suka fi tambaya wace ƙungiya za ta ci, kuma shi ne ya fi saurin yarda cewa saninsa zai rinjayi lissafin kamfani, alhali an tsara rabon ne yadda kamfani zai ci riba ko wane ne ya yi nasara a fili.

Inda bambancin ya fi tsanani shi ne wajen jinya da kuma wajen magana. Greaves da Adams da Merson da Casagrande sun rayu a inda fitowa fili a amsa jaraba yake iya zama littafi ko shirin talabijin, har ya ƙara wa mutum daraja a wurin aiki, kuma a bayan na Ingila akwai ƙungiyar 'yan wasa mai kuɗi da ke biyan kuɗin jinya. A ƙasar Hausa rufin asiri ne abin da dangi suke fara nema, domin sunan ɗan ƙwaya yana hana aure yana hana aiki, yana kuma shafar ƙanne da 'ya'ya. Wannan sutura tana da amfaninta, tun da tana barin ƙofar dawowa a buɗe ga wanda ya shiryu, amma tana jinkirta neman magani har sai abu ya kai ga taɓin hankali. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, an fi sanin ta da kame, ko da yake tana da ɗakunan ba da shawara da gyaran hali. Iyalin da ke Mungadi ko Maiyama, idan suna son jinyar ƙwararru, hanyar da aka fi bi ita ce ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, tafiya ce mai cin kuɗin mota da na zama, shi ya sa da yawa suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari, inda ake ɗaure mai shaye-shaye da sarƙa da sunan tarbiyya, har zuwa Satumba 2019 da 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani irin gida a Rigasa ta Kaduna, aka kuma bi da rufe wasu a Katsina da Daura. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta Nijeriya, wadda Tijjani Babangida, tsohon ɗan wasan Ajax kuma ɗan Kaduna, ya shugabanta, ta fi shagaltuwa da neman bashin albashi da tara gudummawa ga tsofaffin 'yan wasan da ciwo ya kwantar.